Wanke maɓallan tsohuwar sintesaiza da sa musu mai

Idan tsohuwar fiyano irin Roland Juno-106 ta 1984 ko ARP Odyssey ta 1972 ta fara ƙarar ƙaras-ƙaras a sifika duk lokacin da ka murɗa maɓalli ko ka ja shi, galibi ba lalacewa ta yi ba. A cikin kowane maɓalli akwai siririn layin kabon da wani ɗan harshen ƙarfe ke bi ta kansa. Ƙura da busasshen giris ne suka shiga tsakaninsu.

Ka fara cire waya daga wuta, ka ba ta lokaci, don kafasitocin ɓangaren wuta kan riƙe caji. Ɗauki hoton ciki da wayarka kafin ka kwance ko ƙusa ɗaya.

Ni ba na fesa komai daga waje. Mai fesawa ta tsagar maɓalli yana tura datti ciki ne kawai, ya kwaɓa shi ya zama taɓo. WD-40 kuwa, da fetur da kalanzir, ka bar su can wajen babur.

Maɓallan ja su ne masu wahala, saboda bakinsu a buɗe yake, ga ƙurar hunturu. Idan da hali ka narkar da dalma ka ciro maɓallin daga allon lantarkin da ke ciki, ka ɗaga 'yan kunnuwan ƙarfen da ke riƙe da shi a hankali. Ba sa jure lanƙwasa sau da yawa. Jiƙa tsinken auduga da sinadarin isopropyl mai kashi 99, ka shafi layin kabon shafa ɗaya ko biyu, ba dirza ba. Kabon ɗin siriri ne ƙwarai. In audugar ta ci gaba da yin baƙi bayan datti ya fita, layin kake cinyewa, sai ka tsaya.

A nan mutane da yawa suke rufewa, sai maɓallin ya yi sakwaf ko ya riƙa cijewa, domin wankin ya tafi da man da masana'anta ta sa. Mai iri biyu ake bukata. A kan layin kabon, ɗigo ɗaya na DeoxIT Fader F5 na kamfanin CAIG ya isa. A kan sandar ƙarfen da maɓallin ke zamewa, ko a wuyan mai murɗawa, sai giris mai kauri irin Nyogel 767A, shi ke dawo da nauyin nan mai daɗi a yatsa. Kada wannan giris ɗin ya taɓa kabon.

Ja maɓallin daga ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau 20, sannan ka auna da mitar gwajin kayan lantarki kana jan shi. Lambar ta riƙa hawa sannu a hankali. In tana tsalle a wuri ɗaya, layin ya cinye, sai dai a sa wani. Ƙananan madannan Juno-106 kuma ba na ɓata lokaci a kansu, sababbi ba su da tsada.