Yadda ake neman tallafin farfaɗo da sana'ar gargajiya a ƙaramin gari

A garuruwanmu da dama za ka tarar da tsohon karofi a bayan kasuwa, rijiyoyinsa sun cika da ƙasa da leda, awaki na kwance a bakinsu. Marinin da ya rage ya tsufa, 'ya'yansa sun koma acaɓa. Kowa ya wuce sai ya ce "Allah sarki", ya yi gaba. Alhali akwai masu ba da kuɗi don irin wannan aiki, gida da waje, kuma yawanci takarda ce ke hana kuɗin isowa ƙauye. Da karofi zan yi misali, amma hanyar ɗaya ce ko dandalin kokawa za ku gyara, ko waƙoƙin daka na tsofaffi za ku naɗa.

Da farko ku tsayar da aiki guda ɗaya. "Raya al'adun garinmu" buri ne, ba mai sakin ko kwabo a kansa. Ku ce za ku yashe rijiya 3, ku yi musu sabon shafe, ku koya wa matasa 10 rini cikin wata 6. Mai kuɗi yana son abin da zai zo ya ƙirga da idonsa.

Mataki na biyu gaisuwa ce, kuma nan 'yan boko suka fi tuntuɓe. Kafin ku taɓa kwamfuta, ku je ku durƙusa gaban tsohon marinin, ku ce, "Baba, mun zo neman iri." In garin na da Sarkin Marina, da shi za a fara. Daga nan mai unguwa, dagaci, har hakimi. Ku binciki mai filin, domin karofi galibi gado ne, kuma ranar da aka ji ƙamshin kuɗi magadan da ba a taɓa gani ba za su ɓullo. A rubuta amincewarsu, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, hakimi ya buga hatimi.

Na uku, rajistar ƙungiya da asusun banki. Rajistar ƙaramar hukuma, a sashen walwalar jama'a, ta wadatar wa masu taimako na gida. Na waje kuwa sukan nemi ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi: a zaɓi amintattu, a rubuta tsarin mulkin ƙungiya, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Banki zai tambayi lambar haraji, da takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Asusun ya zama da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku ke sa hannu. Mu a neman farko lambar asusun shugabanmu muka rubuta, don kowa ya yarda da amanarsa. Wata huɗu muna jira, amsar da ta zo layi biyu ce.

Na huɗu, wa za a nema? Ni dai shawarata a fara daga gida. Ƙungiyar ci gaban gari, 'yan asalin garin da ke kasuwanci a Kano, Abuja da Legas, kansila, ɗan majalisa mai kuɗin ayyukan mazaɓa, da hukumar tarihi da al'adu ta jiha. Ku sa ranar kafa gidauniya kashegarin Sallah, lokacin da kowa ya dawo gida. Ko rijiya ɗaya kuka tayar da wannan kuɗi, kun sami hoton da za ku nuna wa na nesa.

A waje akwai asusun jakadan Amurka na adana kayan al'adu da aka kafa a 2001. In tsofaffin kundaye da rubutun ajami gare ku, babban ɗakin karatu na Birtaniya yana da shirin ɗaukar hotonsu tun 2004. Da Turanci ake cikewa ta intanet, kuma ƙofar ba kullum take buɗe ba, sai an riƙa leƙawa. Duk wanda ya ce ku turo "kuɗin fom" ɗan damfara ne.

Na biyar, rubutun da kasafi. Ku faɗi abin da zai ɓace in ba a yi aikin ba, da wanda zai ci abinci in an yi. Marinar Ƙofar Mata a Kano, da ake kai asalinta 1498, har yau baƙi na zuwa saye, to ga hujjar kasuwa. A kasafi kuwa kada a dunƙule. Baban rini buhu nawa, toka, farin yadi, katsi da gashin jima na haɗa lason shafen rijiya, ladan magini, ladan Baba marini, kowanne da layinsa da farashin da kuka tambayo a kasuwa makon nan. Ku bar ɗan sarari saboda tashin kaya. Aikin gayyar da matasa za su yi, shi ma ku ƙiyasta shi da kuɗi ku rubuta a matsayin gudummawar gari.

In Allah ya sa kuɗi sun shigo, ma'aji ya sayi babban littafi ɗaya da ambulan na rasit. Mai sayar da baba a kasuwar ƙauye ba shi da rasit, don haka ku tafi da naku ya dangwala. Ku ɗauki hoton kowace rijiya kafin a taɓa ta, daga wuri ɗaya za a sake ɗauka in an gama. Ƙarshen kowane wata a karanta abin da aka kashe a ƙofar gidan dagaci, a liƙa kwafi a bango, a aika wa mai tallafin nasa tun bai tambaya ba.