Kurakuran da aka fi yi wajen gwada huhu a kan na'ura kafin dashe

Cikin huhun da ake samu daga mamatan da aka sadaukar da sassan jikinsu, kusan ɗaya cikin biyar ne kaɗai ke kaiwa ƙirjin majinyaci. Da yawa daga sauran shakka ce ke sa a bar su. Don kawar da wannan shakkar aka ƙirƙiro hanyar da likitoci ke kira EVLP: a sa huhun cikin wani akwati mai ganin ciki, a zagaya masa ruwa mai ɗumi ta jijiyoyinsa, a hura masa iska, a zuba masa ido awa 4 zuwa 6. Stig Steen na birnin Lund a Suwidin ne ya fara ba da rahoton irin wannan dashe a 2001, daga baya Shaf Keshavjee da Marcelo Cypel a birnin Toronto na Kanada suka fitar da tsarin da cibiyoyi da yawa ke bi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne sakin jiki da lambar oksijin, wato awon oksijin ɗin da ke cikin ruwan da ke fitowa daga huhun. A tsarin Toronto ruwan da ke zagayawa ba shi da jajayen ƙwayoyin jini, saboda haka oksijin ɗan kaɗan ya isa ya ɗaga lambar ta yi kyau, alhali wani sashe na huhun ya fara shan ruwa. Wanda ya tsaya kan wannan lambar kaɗai zai iya dasa wa mutum huhun da zai gaza cikin awa 72 na farko. Gyaran shi ne a bi yanayin huhun awa bayan awa. Yana ƙara laushi ne ko yana taurara? Ƙarfin da ake buƙata wajen hura shi sauka yake ko hawa? Jijiyoyin na ƙara ƙin ruwan? A ɗauki hoto, a leƙa hanyar iska da bututun kyamara. Sannan a cire shi daga injin numfashi a gani: lafiyayyen huhu nan take yake motsewa, mai ruwa kuwa sai ya tsaya a kumbure, da nauyi a hannu, wani lokaci har kumfa na fitowa ta maƙoshin.

Gaggawa a awar farko ma tana ɓata aiki. Huhun da ya fito daga ƙanƙara ba ya jure a sakar masa ruwa gaba ɗaya. A hankali ake ƙarawa, ana ɗumama shi, har a kai kashi 40 cikin ɗari na abin da zuciyar mai shi za ta harba, kuma ba a fara hura iska sai zafi ya kai digiri 32. Hurawar ma da sauƙi, mililita 7 kan kowane kilo na nauyin jikin mai huhun. Kumfar iska a cikin bututu, da gudan jinin da ba a tura ruwa ta baya a jijiyoyin an wanke ba, sakaci ne da minti kaɗan ke magancewa.

Wasu kan haɗa tsari biyu, su ɗauko ƙarfin ruwa na Lund, inda ake amfani da jini kuma ake barin mafitar ruwan daga huhun a buɗe, su ɗora kan na Toronto mai rufaffiyar mafita. A zaɓi ɗaya a riƙe ƙa'idarsa.

Sai zaɓen huhun tun farko. Na'urar ba ta warkar da nimoniyar da ta riga ta kama, ko huhun da ruwan ciki, wanda mai shi ya shaƙa, ya ƙone sosai, ko wanda haɗari ya farfasa. Amma akasin wannan kuskuren ya fi ciwo: a ƙi huhu ta waya don gwajin oksijin ɗinsa ya gaza 300, lambar da aka saba nema, alhali sau da yawa ruwa ne kawai ya taru ko wani sashe ya lotse, abin da kan warware a kan na'ura. Idan kuma ɓangare ɗaya ne ya lalace, a gwada ruwan da ke fita daga kowane ɓangare daban, domin mai kyaun zai iya isar majinyacin da huhu guda yake jira.