Ga masu tafiya karatu Tailan

Salam 'yan uwa, duk wanda karatu zai kai Tailan ya shirya don za a kai ku haikalin 'yan Buddha, mu Doi Suthep aka kai mu a Chiang Mai, matakala sama da 300 sai haki nake. Sa takalmi mai sauƙin cirewa, kaya su rufe kafaɗa da gwiwa. In ka zauna kar ka miƙe ƙafa wajen mutum-mutumin Buddha, ni na yi, hararar da wata tsohuwa ta min har yau kunya nake ji. Mata kar ku taɓa sufayensu masu rawayan mayafi. Ba dole ka rusuna ba, koma gefe kayi shiru. In za a yi zaman shirun da 'yan Buddha ke yi suna bin numfashinsu kuwa, nemi matashin zama, minti 10 ƙafata ta mutu wallahi.