Injin gano ƙarfe a cikin ƙasa ya yi ƙara ka tono dutse mai ƙyalli, to ya za ka gane ko mene ne?

Kar ka yi saurin kiran dillali tukuna. Fara wanke shi ka kawo maganadisu, ko na tsohuwar sipika ma ya isa. In ya manne sosai kuma baƙi ne mai nauyi, yawanci tama ce, dutsen ƙarfe kawai.

Sai ka samu fasasshen tayil ka goga dutsen a bayansa, wajen da ba santsi. Zinare layi rawaya yake bari, wannan mai ƙyallin da ke yaudarar mutane kuwa, pyrite, layinsa baƙi-baƙi ne da ɗan kore, kuma in ka ɗan buga masa guduma farfashewa yake yi ya zama gari, zinare kuwa lanƙwashewa yake ya baje, ba ya fashewa. Jan layi kuma wata tamar ce.

Masu cewa daga sama ya faɗo, eh yana faruwa, a 1962 wani ya faɗo a Zagami ta Katsina, kilo 18, daga baya aka gano daga duniyar Mars yake. Amma in naka duk ramuka ne kamar soso, kashin maƙera ne malam, ragowar narka ƙarfe na mutanen da.

Mai launin toka mai nauyin tsiya da ke ɓallewa kusurwa-kusurwa, wannan dalma ce. Don Allah kar ka lasa, kar a daka shi cikin gida, irin wannan ƙurar ce ta kashe yara ɗaruruwa a Zamfara a 2010. Ƙulle shi a leda ka kai sashen ilimin duwatsu na jami'a mafi kusa su gwada maka.