Yadda ake farfaɗo da tsohon saitin gangunan zamani

Mafi yawan waɗanda suka sayi tsohon saitin ganguna sukan fara da goge ƙarafa domin su ga sheƙi, alhali sautin ganga ya dogara ne da abubuwa biyu da ido ba ya saurin lura da su: daidaiton zagayen katakonta da lafiyar leɓen da fata take zama a kai. Idan waɗannan sun lalace, ƙyalli ba zai amfana da komai ba, don haka su za a fara dubawa.

Kafin a kwance komai, a ɗauki hoton kowace ganga ta kowane ɓangare. Daga nan a sassauta notunan da makullin ganga, a cire zobba da fatu, a zuba ƙananan kayan kowace ganga a cikin leda ta daban da aka rubuta wa suna, domin notunan gangar ƙafa, wato babbar da ake bugawa da ƙafa, sun fi na sauran tsayi kuma haɗa su wuri guda yakan jawo ɓata lokaci a wajen mayarwa.

Idan katako ya fito fili, a auna faɗin bakinsa da tef daga gefe zuwa gefe a wurare uku ko huɗu. Gangar ƙafa galibi inci 22 ce, ganga mai wayoyi a ƙasa inci 14, wadda take tsaye a kan ƙafafunta kuma inci 16, kodayake ainihin katakon yakan gaza haka da ɗan kaɗan domin fata ta sami wurin zama. Bambancin da ya wuce milimita 3 tsakanin awo da awo alama ce ta cewa gangar ta lanƙwashe, kuma irin wannan ba ta cika karɓar sauti yadda ake so ba. Bayan haka a kife ta a kan gilashi mai kauri, a sa tocila a ciki, a kashe fitilar ɗaki. Duk inda haske ya ɓullo ta ƙasa, leɓen bai daidaita ba. A nan akwai abin lura: ƙasan ganga mai wayoyi yana da ɗan kwari a wurare biyu masu fuskantar juna, kuma da gangan maƙera suka yi shi domin wayoyin su kwanta sosai a kan fata, saboda haka kada a ɗauke shi a matsayin lahani a goge shi.

Ƙaramin tabo a leɓe ana iya cike shi da abin cike katako, a bar shi ya bushe, a bi shi da samfefa mai laushi a hankali. Inda siraran katakan da aka manna wuri guda suka fara rabuwa, a tura gam ɗin kafinta a ciki, a matse da maɗauri har kwana guda. Sake yanka leɓen gaba ɗaya kuwa, wanda a yawancin gangunan yau ake yi a kan kusurwar digiri 45, aikin gwani ne, kuma a ganina bai kamata mai koyo ya gwada shi a kan gangar da yake ƙauna ba.

Sai ƙarafa. A wanke su da ruwan ɗumi da sabulu, a kankare tsatsa mara zurfi da takardar alminiyam da aka jiƙa, a shanya su sosai, sannan a ɗiga ɗan man giris a zaren kowane noti. Rufin robar da ke jikin katako kuwa tsumma mai laushi ya ishe shi. Idan saitin tsohon ƙirar sanannen kamfani ne kamar Ludwig ko Gretsch, sauya rufinsa na asali yakan rage masa daraja, ko da launin ya koɗe.

Tsofaffin fatu ba su cancanci a mayar da su ba, har da na ƙasa waɗanda ba a dukansu, domin fatun gangunan zamani galibi na roba ne, kuma roba takan saki idan ta daɗe a ɗaure. Kafin a sayi sababbi a tabbatar da awo, tunda wasu tsofaffin gangunan Premier na Ingila an ƙera su da girman da fatun yau ba sa shiga. A ɗora fata, a ɗaure dukkan notuna da yatsu, sannan a riƙa ƙara rabin juyi da makulli ana tsallakawa daga noti zuwa wanda yake fuskantarsa. A ƙwanƙwasa kusa da kowane noti har sai sautin ya zama ɗaya a duk zagayen.

Farantan tagullar da ake bugawa tare da gangunan kuwa ruwa da sabulu ne maganinsu, ana gogewa ana bin layukan jikinsu, domin man gogewa mai ƙarfi yana share tambarin kamfani. A duba bakinsu da ramin tsakiya ko akwai tsaga, kuma kada a ɗora su a kan sanda sai an sa sabuwar robar kariya da matashin ulu sama da ƙasa, domin gogar ƙarfe da tagulla ita ce take faɗaɗa ramin har farantin ya tsage.