Yadda na hana awaki cinye mini lambu

Da rani ya kama, awakin unguwa suka mayar da lambuna wurin kiwo. Zogale suka fi so. Ranar da na tarar sun cinye dashen tumatir kaf, raina ya ɓaci ƙwarai.

Da farko darni na yi da karan dawa. Bai daɗe ba gara ta ci gindinsa, awakin kuma suka yi ta soshe-soshe a jikinsa har ya kwanta. Sai na sayo waya mai raga, na kafa dirkoki duk bayan mita 2, na shafa wa gindinsu baƙin mai saboda gara. Tsallake ya ƙare, amma ƙananan suka koma kutsawa ta ƙasa. Na haƙa ɗan rami, na binne bakin wayar, na danne da duwatsu.

Ta waje na dasa bini-da-zugu a jere, tunda awaki ba sa cinsa. Reshe ake yankowa a soke a ƙasa ya kama, sai dai a ja wa yara kunne, 'ya'yansa guba ne. Ƙyauren kuwa, robar tayar keke na ɗaura masa, tana jawo shi ya rufe da kansa.