Tantin mutum ɗaya na yawon daji

Jama'a masu shirin sayen tanti, don Allah ku fara duba nauyi, kar ya wuce kilo 1.5, don duk abin da ya haura haka kafaɗarka ce za ta biya a hanya. Ka nemi mai ruɓi biyu, raga a ciki leda a waje, in ba haka ba numfashinka zai taru ya riƙa ɗigo maka da asuba ka ɗauka ruwa aka yi. Sandunan su zama na alminiyom, na faiba (wato fiberglass) saurin tsagewa gare su. Lambar jure ruwa kuma, wato ma'aunin yadda ledar ke hana ruwa shiga, ta kai aƙalla 2000mm. Tantin Naturehike Cloud Up 1 ba laifi wallahi, kuɗinsa da sauƙi, amma in kai dogo ne auna tsawonsa tukuna.